TSATSA DAGA CIKI TAKE CI: DARASI DAGA GYARAN TSOHUWAR MOTA

Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne tsatsa, musamman irin wadda ke ɓuya a jikin tsohuwar mota, da yadda ake gano ta, da yadda ake cire ta, da kuma yadda ake hana ta komowa. Na san waɗansu 'yan'uwana ɗalibai za su ce me ya haɗa ɗan aji biyar da gyaran mota, alhali ko keke bai mallaka ba. Dalili shi ne, dogon hutun da ya wuce a gareji na yi shi, kuma a can ne na ga abin da aka koya mana a darasin kimiyya da idona. Ina fata iyayenmu ma za su sami abin amfani a ciki.

YADDA ABIN YA FARO

Kakana, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne. A shekarar 1979 ya sayi mota Peugeot 504, irin wadda muke kira Fijo. Wannan samfuri ya fara fitowa ne a Faransa a 1968, aka kuma zaɓe shi motar shekara ta ƙasashen Turai a 1969. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma aka ci gaba da yin 504 a can shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina yin ƙaramar a 1983. Ƙungiyar duniya ta masu kula da tsofaffin motoci, mai suna FIVA, tana lissafa motar da ta kai shekara 30 a cikin motocin tarihi. Ke nan tamu ta daɗe da shiga wannan sahu.

Da Kaka ya rasu sai aka tura motar ƙarƙashin wata darbejiya a bayan gida, aka lulluɓe ta da tamfol. Nan ta zauna shekara goma sha ɗaya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Bara sai Baffana ya ce zai tayar da ita, domin yana so ya riƙa kai Hajiya, watau kakarmu mace, ƙauye gaisuwar Salla a cikin motar mijinta kamar da. Makaniki ya tayar da inji ba wuya. Aka kai ta wurin wani mai fenti, cikin mako biyu ya dawo da ita tana walƙiya, kowa na sa albarka.

Damina ɗaya ta yi, sai muka ga ƙuraje sun feso a ƙasan ƙofofi, kamar fenti ya yi ƙyanda. Ba wanda ya damu. Ran nan kuwa, a hanyar ƙauye, taya ta yi faci. Baffa ya kafa jak a inda aka saba kafawa, ya ɗaga, ya kwance taya. Yana miƙa hannu zai sa wata sai muka ji ƙara, jak ya huda ƙarfen ya shige ciki, mota ta faɗo. Tsakanin hannunsa da ƙarfen da ya sauko bai fi faɗin yatsa uku ba. Hajiya na gindin itace tana ta salati. Da muka duba wurin da ya fashe, ba ƙarfe muka gani ba, sai wani jan gari kamar dakakken barkono, da farin ƙullun nan da masu fenti ke kira fila, har da guntun takarda da aka cusa don filar ta sami abin kamawa.

Wannan ne ya sa Baffa ya kai ta wurin wani dattijo mai gyaran bodi, ya kuma ce in riƙa zuwa ina taya shi aiki. Dattijon ya zaga motar sau biyu, ya ce, "Alhaji, wannan ba gyara aka yi mata ba, kwalliya aka yi wa mara lafiya. Tsatsa daga ciki take ci. Ranar da ka gan ta a waje, to ta gama aikinta."

MECE CE TSATSA?

Duk wanda ya yi aji huɗu a sashen kimiyya zai tuna gwajin ƙusoshi uku. Akan sa ƙusa ta farko a bututun gwaji mai ruwan famfo, a bar bakinsa a buɗe. Ta biyu a sa ta cikin ruwan da aka tafasa don korar iskar da ke cikinsa, a zuba mai a sama don kada wata iskar ta shiga. Ta uku kuwa a sa ta cikin busasshiyar iska tare da garin da ke shanye laima, a toshe. Bayan 'yan kwanaki ta farko kaɗai za a tarar ta yi ja. Abin da wannan ya nuna shi ne, sai abu uku sun haɗu tsatsa ke samuwa: baƙin ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin. In aka raba ƙarfe da ɗaya daga cikin biyun, ba zai yi tsatsa ba. Gishiri ba ya cikin ukun nan, amma in ya narke a ruwa yakan sa aikin ya yi sauri ƙwarai.

Akwai halaye biyu na tsatsa da suka sa ta zama mugun ciwo. Na farko, ta fi ƙarfen da ta cinye girma, takan kumbura ninki biyu ko fiye. Shi ya sa take ɗaga fenti ya yi ƙuraje, har ta raba ƙarfe biyu da aka haɗa da walda. Na biyu, ba ta liƙe wa ƙarfe sosai, ɓarɓashi take yi, kuma tana shan ruwa ta riƙe kamar soso. Tukunyar alminiyam ma iska na taɓa ta, amma fatar da ke fitowa a kanta siririya ce mai liƙewa, wadda ke kare abin da ke ƙarƙashinta. Ita kuwa tsatsa jiƙa na ƙarƙashinta take yi, ta ba kanta abinci.

To, me ya sa ta fi son lungu? Wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, mai suna Ulick Evans, ya yi bayanin wannan a shekarun 1920. In aka ɗiga ruwan gishiri a kan gogaggen ƙarfe, gefen ɗigon ya fi samun iska, tsakiyarsa kuwa iska ba ta isa sosai. Wannan bambanci yakan mai da ɗigon kamar ɗan ƙaramin batir. Abin mamaki, wurin da iska ta yi ƙaranci, watau tsakiya, shi ne ke narkewa ya yi rami. Haka abin yake a mota. Duk inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe, ko laka ta manne, ko roba ta rufe, akwai laima kuma iska ta yi ƙaranci, saboda haka nan ne ƙarfe zai fara cinyewa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA YA SA TAKE DA HAƊARI

Babbar mota irin ta ɗaukar kaya tana da shasi, watau dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka ɗora bodi a kansu. Amma yawancin ƙananan motoci, har da 504, ba haka aka gina su ba. Bodin ne kansa ke ɗauke da inji da ƙafafu da fasinja. Motar Citroën da aka fitar a Faransa a 1934 tana cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan irin gini. Ƙarfen bodi kuwa kaurinsa wajen milimita ɗaya ne kawai. Ƙarfinsa ya samu ne daga naɗe shi da aka yi ya zama kamar akwatuna da bututai. Ku ɗauki kwalin ashana ku danna, za ku ji yana da ɗan ƙarfi. Ku yage gefe ɗaya ku sake dannawa, nan da nan zai lotse. To, waɗannan akwatunan da ke riƙe da mota su ne kuma ba a ganin cikinsu, su ne ruwa ke kwana a ciki.

Saboda haka ne a Ingila, inda aka fara gwajin lafiyar motoci na shekara-shekara a 1960, mota ba ta cin gwajin in tsatsa ta raunana ƙarfen da ke tsakanin santimita 30 da inda aka ɗaure sitiyari, ko birki, ko ƙafafun mota, ko bel ɗin kujera. Dalilin a fili yake: bel ɗin da aka ɗaure a jikin ruɓaɓɓen ƙarfe ba zai riƙe kowa ba ranar haɗari.

Motocin wancan zamani, na kowane kamfani, ba su sami irin kariyar da na yanzu ke samu ba. Babbar kariyar ita ce tutiya, watau zinki, wadda ake lulluɓe kwanon rufi da bokiti da ita. Tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin narkewa, saboda haka ko an ƙarce ta, ita ce za ta ci gaba da cinyewa ta bar ƙarfen lafiya. Dabarar tsohuwa ce. A 1824 Humphry Davy ya kare jan ƙarfen da ke ƙasan jiragen ruwan Ingila ta hanyar liƙa masa guntayen wani ƙarfe da zai cinye a madadinsa, kuma a 1837 wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya. Amma an daɗe kafin a yi wa jikin mota duka haka. Kamfanin Porsche ya fara a tsakiyar shekarun 1970, Audi 80 kuwa ta fito da irin wannan jiki a 1986.

Wani zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce. Gaskiya ne tsatsa ba ta yi mana ɓarna kamar bakin teku, ko Turai inda ake watsa gishiri a titi da sanyi don narkar da ƙanƙara. Amma ƙurar rani takan shige kowane lungu, damina ta zo ta mai da ita laka, lakar kuma ta riƙe laima wata da watanni. Ban da haka, motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka da yawa sun riga sun sha gishiri tun can.

INDA TAKE ƁUYA

Ga wuraren da Baba mai gareji ya sa na duba ɗaya bayan ɗaya:

1. Dokin ƙofa, watau dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Cikinsa rami ne, kuma a jikinsa ake kafa jak. Nan ne namu ya fashe.

2. Ƙasan ƙofofi. Ruwan sama kullum yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa, an kuma yi masa 'yan ramuka a ƙasa don ya fita. Namu duk laka ta toshe su, waɗanda suka rage kuma mai fenti ya shafe su da fila.

3. Daɓen mota, ƙarƙashin darduma. Abin da ake shimfiɗawa don rage ƙara yakan sha ruwa ya ƙi bushewa.

4. Ƙarƙashin robar gilashin gaba da na baya, musamman a kusurwoyi.

5. Ragar shan iska da ke gindin gilashin gaba. Mun kwashe ruɓaɓɓen ganyen darbejiya ya fi cikin kwano biyu daga nan.

6. Kogon da taya ke ciki, da leɓensa inda laka ke taruwa, da kuma saman inda aka ɗaure shokozoba ta gaba.

7. Mazaunin batir, saboda ruwan batir asid ne, da kuma ƙarƙashin tukunyar man birki, domin man birki na cin fenti.

8. Kusurwoyin but. Kaka ya sha ɗauko takin zamani a nan, shi kuwa taki yana cin ƙarfe kamar gishiri.

YADDA AKE GANO TA

Abu na farko shi ne a tuɓe motar. A fitar da kujeru da darduma da kwalayen ƙofa da robobi, a wanke ƙarƙashinta sosai, a bar ta ta bushe. Sa'an nan a bi ta da kayan aiki huɗu masu araha: tocila, da ƙaramar guduma, da sukundireba, da maganadisu.

Da tocila ake leƙa ramuka, ana kuma haska jikin mota ta gefe, domin ta haka ƙuraje da tudun fila ke fitowa fili. Da guduma ake ƙwanƙwasawa a hankali. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali, wani lokaci ma ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. Da sukundireba ake dannawa inda ake zargi. Na ce, "Baba, kada fa in huda." Ya ce, "Ɗana, in ka iya huda shi da hannunka, ba kai ka huda ba, da ma a hude yake." Maganadisu kuwa, a naɗe shi da ƙyalle don kada ya ƙarce fenti, a riƙa jan sa a jikin mota. Inda ƙarfe ne zai kama, inda fila ta yi kauri sai ya saki. A ƙofar baya ta hagu mun sami wurin da filar ta kai kaurin yatsana.

A yanzu akwai 'yar kyamara mai doguwar igiya da fitila a bakinta, wadda ake haɗawa da wayar hannu. Wani abokin Baffa ya ara mana tasa, muka zura ta cikin dokin ƙofa na dama wanda daga waje ba shi da tabo ko ɗaya. Abin da muka gani a ciki kamar bangon kogo ne, ja wur, yana ɓarewa. Shi ma sai da aka yanke shi.

YADDA AKE CIRE TA

Baba ya kasa tsatsa kashi uku, kowace da maganinta.

Ta farko ita ce ta sama-sama, wadda ta canza wa ƙarfe launi amma ba ta ci shi ba. Wannan samfefa da burushin waya sun ishe ta. A goge har sai ƙarfe ya fito fari tas, a kuma zarce iyakar jan kaɗan, gama takan yi rarrafe a ƙarƙashin fentin da ake ganin lafiyayye ne.

Ta biyu ita ce wadda ta yi 'yan ramuka kamar zanzana, amma ƙarfen na da sauran kauri. Burushi ba ya kaiwa gindin ramukan. A nan akan yi amfani da injin da ke feso gari mai kaifi da ƙarfin iska, amma da lura, domin yakan lanƙwasa faffaɗan ƙarfe kamar rufi ko bonet. Ko kuwa a shafa magani. Maganin iri biyu ne. Akwai mai asid ɗin fosforik, wanda ke narkar da tsatsa ya bar wata fata mai ruwan toka da fenti ke kamawa da kyau. Akwai kuma mai tanin, wanda ke mai da jar tsatsa baƙa ƙirin, ta daina ci. Tanin ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma haɗuwarsa da ƙarfe ce ke sa kulokon dukawa ya baƙanta fata. Sai dai a sani, maganin ba ya aiki a kan tsatsa mai kauri, fuskarta kawai zai baƙanta ya bar ta ƙasa tana nan. Dole a fara kankare ɓarɓashin. Kada kuma a yi amfani da ruwan batir kamar yadda waɗansu ke yi, domin yakan maƙale a tsakanin ƙarafa ya ci gaba da ci bayan an yi fenti. Ƙananan abubuwa kamar noti da ƙarfen maƙala, jiƙa su cikin ruwan tsami na binega kwana ɗaya ko biyu yana fitar da tsatsarsu, sa'an nan a ɗauraye, a busar nan take, a shafa mai.

Ta uku ita ce wadda ta huda, ko ta mai da ƙarfe kamar takarda. Wannan ba ta da magani sai yanka. Ga yadda na ga an yi. Kafin a taɓa dokin ƙofa, sai da aka gitta ƙarafa a bakin ƙofofin aka kama su da walda, don kada motar ta lotsa a tsakiya in an cire abin da ke riƙe da ita. Aka yanke ruɓaɓɓen wuri har sai da aka kai ga farin ƙarfe mai cikakken kauri ta kowane gefe. Aka zana siffar ramin a kwali, aka yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, ba kwanon rufi ba. Aka shafe cikin ramin da bayan sabon ƙarfen da fenti mai tutiya wanda walda ba ta hana shi aiki, tun da in an rufe ba za a sake kaiwa gare su ba.

Wajen haɗawa, baki da baki Baba ke sa su, ba ya ɗora sabo a kan tsoho. Na tambaye shi dalili, tun da ɗorawa ta fi sauƙi. Ya ce duk inda ƙarfe ya hau ƙarfe an gina wa ruwa ɗaki ke nan. Nan na tuna da ɗigon Evans. Waldar kuma ɗigo-ɗigo yake yin ta, nan ɗaya can ɗaya, yana bari ta huce, domin zafi mai yawa yana murɗe siririn ƙarfe. Fila tana da nata amfani, amma don daidaita 'yar lotsawa ne kawai, siririya, a kan ƙarfe mai tsabta. Tana shan laima, saboda haka in aka toshe rami da ita, ruwa zai shige ta ta baya.

YADDA AKE HANA TA KOMOWA

Tun da ba za a iya raba mota da iska ba, dabarar duka ita ce a raba ƙarfe da ruwa. Gogaggen ƙarfe ba ya jira, da damina cikin yini ɗaya yakan fara ja, ko shatin yatsa mai gumi ya isa. Saboda haka da an gama gogewa sai a wanke shi da abin cire maiƙo, a fesa fentin tushe ran nan. Wanda ya fi kyau shi ne na efoksi, gama ruwa ba ya ratsa shi. Bayansa a bi duk layin walda da mahaɗar ƙarafa da ƙullun toshe tsaga, sa'an nan fenti, sa'an nan abin kare ƙarƙashin mota daga tsakuwa. Tsohon baƙin shafen da ke ƙarƙashi, in ya tsattsage, a kankare shi duka, domin ruwa na shiga bayansa ya kwanta.

Aiki na ƙarshe, wanda mai fentinmu na farko bai ko san da shi ba, shi ne fesa kaki mai ruwa-ruwa a cikin ramukan da ba a gani: dokin ƙofa, da cikin ƙofofi, da ginshiƙai. Ana zura siririn tiyo ta ramukan da ke akwai, a fesa a rana mai zafi don kakin ya bi kowace tsaga. Sai an gama walda da fenti ake yin sa, domin yana kama wuta, kuma fenti ba ya zama a kansa. Akan sabunta shi bayan 'yan shekaru. Waɗansu baƙin man inji suke fesawa saboda araha, amma yana lalata robobi, yana ɗiga ya ɓata ƙasa, kuma yana da illa ga fatar mutum. In an gama, a bi ramukan fitar ruwa da tsinke a tabbata a buɗe suke.

Sauran rigakafin na mai mota ne. A riƙa wanke ƙarƙashi da kogon taya, musamman bayan tafiya cikin laka. Kada a kwarara ruwa cikin mota a bar darduma a jiƙe. A canza robar gilashi in ta tsufa. In dutse ya ɓare fenti, a ɗiga wani tun wurin bai yi ja ba. In za a ajiye mota ta daɗe, a sa ta a rumfa mai daɓen siminti inda iska ke ratsawa. Abin da muka yi wa tamu, watau ajiye ta a kan ƙasa, ƙarƙashin itace, cikin tamfol, shi ne mafi muni, domin laimar da ke tasowa daga ƙasa ba ta da hanyar fita.

KIYAYE LAFIYA

Wannan aiki ba na wasa ba ne, kuma ban ce wani ɗalibi ya je ya gwada shi kaɗai ba. Kafin a kunna wutar walda dole a cire batir da tankin mai. Tankin da ba kome a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur ne ke fashewa. A ajiye abin kashe gobara kusa, wani kuma ya tsaya yana duban ɗaya gefen ƙarfen. A sa tabarau da safar hannu da abin rufe hanci. Ƙurar yashi tana jawo ciwon huhu wanda ba ya warkewa, shi ya sa ƙasashe da yawa suka hana fesa yashi zalla. Hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi, tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Wannan kam a gidanmu ba sai an sake faɗa wa kowa ba.

KAMMALAWA

Mako bakwai na yi a garejin, na bar motar sanye da fentin tushe mai ruwan toka, ba kyan gani ko kaɗan. Baba ya ce ba zai fesa fentin ƙarshe ba sai ruwa ya ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta sauko. Baffa ya lissafa ya ga gyaran nan na biyu ya ci fiye da ninki uku na kuɗin na farko, kuma wani kashi na kuɗin ya tafi ne wajen kankare abin da na farkon ya shafa. Araha dai ba ta ado. Hajiya ta ce ita ba ta gaggawa, wadda ta jira shekara goma sha ɗaya ba za ta kasa jiran wata uku ba.

Shawarata ga iyayenmu ita ce, in za ku sayi tsohuwar mota, kada walƙiyar fenti ta ɗauke muku hankali. Ku tafi da tocila da maganadisu, ku ɗaga darduma, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashi. In kun kai gyara kuma, ku roƙi mai aikin ya nuna muku farin ƙarfe da idonku kafin ya rufe shi. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, ku duba ƙafafun gadajenmu na ƙarfe da gindin akwatunanmu inda ruwan shara ke taɓawa, za ku ga gwajin ƙusoshi uku yana gudana a ɗakin kwananmu kullum. Ɗora akwati a kan katako biyu ya isa ya ƙara masa shekaru.

Allah ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.